Shekarar da Na Kashe Manhajar Habibu

Bashir da Hauwa, wannan babin naku ne fiye da sauran 'ya'yana, ko da yake ina so kowa a gidan nan ya karanta shi. Kun taso a hannuna, kun kuma taso kuna jin abin da ake faɗa a tashar Jibiya, wai ni na lalata aikin da mahaifinku ya bari, na sa hannu a abin da ban iya ba har ya tashi daga aiki. Ban taɓa tanka wa masu faɗin haka ba. Da farko gaskiyar tana da haɗari ga mutanen da ke raye, daga baya kuma bakina ya yi nauyi. Yanzu ciwon suga ya fara cin idanuna, shi ya sa na zauna in rubuta muku tun ina ganin abin da hannuna yake yi.

Habibu, mahaifinku, shi ne autan Inna. Tazarar da ke tsakanina da shi ta kai ta uba da ɗa, don ina koyar da lissafi a sakandare lokacin da aka sa shi firamare. Da aka kawo kwamfutoci makarantarmu sai aka tura ni kwas, na koyo daidai abin da zan koya wa yara, har da ɗan rubuta manhaja a yaren Java. Ni na fara ɗora hannun Habibu a kan kwamfuta. Kafin ya gama sakandare ya wuce ni nesa ba kusa ba. Ya tafi jami'a, ya dawo, aikin gwamnati bai samu ba, sai ya buɗe shagon gyaran waya da kwamfuta a bakin tasha, inda manyan motoci ke lodin gero da wake da dabbobi tsakanin nan da Maraɗi. Direbobi sun saba da shi ƙwarai. Mutum ne mai yawan dariya, mai cin gyaɗa yana aiki, ba ya iya ƙin kowa.

A shekarun nan ne hanyoyinmu suka lalace. 'Yan bindiga suka cika daji, ya zama direba ba ya tayar da mota sai ya tambaya, tambayar kuma sau da yawa jita-jita take jawowa. Habibu ya zauna ya rubuta wa ƙungiyar direbobi wata manhaja. Yadda take aiki ba shi da wuya. Akwai amintattun mutane a ƙauyukan da ke bakin hanya, wajen Riko da Mazanya da sauransu, da asuba kowa ya turo gajeren saƙo ya faɗi abin da ya gani ko ya ji. Manhajar ta tattara, shugaban direbobi ya duba ya zaɓi hanya da lokacin da ayari zai tashi, ita kuma ta aika wa kowane direba a wayarsa. Tana zaune a cikin wata tsohuwar kwamfuta a ofishin ƙungiya, da ɗan akwatin layin waya a gefenta da batirin sola. Mutane sun amfana da ita. Har daga Maraɗi aka fara zuwa ana tambayarsa ko zai yi musu irinta, shi ya sa ya kulle cikinta, ya hargitsa rubutun yadda wanda ya kwafe ta ba zai gane komai ba. Rubutun asali yana cikin ƙaramar kwamfutarsa ta hannu, wadda ba ya rabuwa da ita.

Farkon damina ya hau babur ya tafi wajen Mazanya don ya gyara wayar ɗaya daga cikin masu turo labari. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare shi. An tsinci babur ɗin a kwance a gefen gona. Shi da wayarsa da jakar kwamfutarsa babu.

Da wayarsa suka kira ni, da lambarsa. Wani mai sanyin murya ne, wanda ba ya sauri a magana, ya faɗi abin da suke so a biya, ya bar ni na ji muryar Habibu na ɗan lokaci. Muka shiga haɗa abin da za mu iya, dangi da direbobi kowa ya kawo nasa. Amma da muka ce musu mun haɗa wani abu, sai mutumin ya ce mu riƙe tukuna, ba gaggawa. Haka ya ci gaba da faɗa duk lokacin da muka yi magana. Waɗanda aka taɓa ɗauke wa 'yan'uwa suka ce ba su taɓa jin haka ba. Inna ta ɗauka alamar sauƙi ce. Ni dai abin bai kwanta mini ba, amma ban san dalili ba.

A tsakanin nan aka tare ayari sau biyu, a daidai hanyar da aka zaɓa, a daidai lokacin da aka sa. A na biyun aka kashe wani direba mai 'ya'ya ƙanana. Tasha ta rikice, kowa na zargin kowa. Aka kama wani ɗan dako da aka ce ana ganinsa yana yawan waya a bayan rumfuna, aka yi masa dukan da ya kwantar da shi.

Ana cikin haka Alhaji Mani, shugaban direbobi, ya aiko a kira ni. Dattijo ne da ya yi rayuwarsa a kan sitiyari, ba ya karatun boko sosai amma ba a yi masa wayo.

"Malam Lawal," ya ce, "akwai masu kamiyo, manyan motocin nan na Maraɗi, da sunka shigo ƙungiya, muna so a sa lambobinsu. Kuma akwai waɗanda nike so a hidda, ban yarda da su ba. Wurin da ake sa lamba shina tambayar kalmar sirri, Habibu kaɗai ya san ta. Kai ka koya mashi abin nan, duba mana."

Na ce masa koyarwar da na yi masa ta farkon hanya ce, amma zan gwada.

Na zauna gaban kwamfutar da hantsi, fanka tana juya iska mai zafi, ƙarar injuna da ihun 'yan kamasho na shigowa ta taga. Kalmar sirri na gwada sunayenku, na gwada sunan Inna, na gwada na mahaifiyarku Sa'adatu, babu wadda ta buɗe. Na buɗe fayilolin manhajar, na tarar da abin da na zata: haruffa a hargitse, babu abin da mutum zai karanta. Har na miƙe zan ce wa Alhaji na kasa, sai na tuna wani darasi da na sha koyarwa a aji ba tare da na taɓa amfani da shi a kan wani abu na gaske ba.

Bari in bayyana muku shi, don duk abin da ya biyo baya a kansa ya rataya. Manhaja irin wannan ɓangare-ɓangare ake gina ta. Kowane ɓangare yana riƙe da wasu abubuwa, kamar hanya, ko lokaci, ko lambar waya, ana ce musu sifofinsa. Masu rubutu ba sa barin a taɓa sifa kai tsaye. Sai su rubuta mata umarni guda biyu: ɗaya sunansa ya fara da get, shi ne na tambayar abin da ke ciki, ɗaya kuma ya fara da set, shi ne na canza shi. Idan ka ga getHanya da setHanya, ka san akwai sifa mai suna hanya, ana karanta ta, ana kuma canza ta. Idan get kaɗai ka gani, sai dai ka karanta. Waɗannan sunaye ba a cika hargitsa su ba ko an kulle sauran, domin da su ɓangarorin ke kiran juna. Yaren Java kuma ya yarda ka tambayi ɓangare ya faɗa maka sunayen umarnin da ke jikinsa, ko da ba ka da rubutun asali.

Na rubuta 'yar ƙaramar manhaja ta layuka kaɗan, irin wadda nake ba ɗalibai, na ce ta tambayi babban ɓangaren, ta ware mini duk sunan da ya fara da get ko set. Na yi kuskure sau da dama kafin ta tashi. Da ta tashi sai sunaye suka sauko a kan allo, kuma da Hausa ya sa musu, yadda ya saba. getHanya, setHanya. getLokacinTashi, setLokacinTashi. getLambobinDirebobi, setLambobinDirebobi. Wani ma ya sa masa suna getGaisuwa, da na kira shi sai ya fito da "Allah ya kai ku lafiya", wadda ke ƙarshen kowane saƙo. Na ji kamar yana zaune a gefena yana ɓare gyaɗa.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina haɗa kowane get da set ɗinsa. Na gwada sa lambata a cikin ta direbobi, ta shiga, na cire, ta fita. Na ji daɗi, na ce aikin Alhaji ya yiwu. Can ƙasa sai na ga wani shi kaɗai: getLambarKwafi. Na duba sama, na duba ƙasa, babu set ɗinsa. Na kira shi don in ga abin da ke ciki. Lambar Habibu ce ta fito.

Ban gane nan take ba. Sai na tuna mitar da Sa'adatu take yi, cewa wayarsa ba ta barin kowa ya koma barci bayan asuba, kullum sai ta yi ƙara, shi kuma ya ce yana duba ko saƙo ya fita daidai. Ashe duk saƙon da manhajar ta aika wa direbobi, tana aika masa kwafi. Hanya da lokaci, kowace safiya. Kuma wayar tana daji.

Na tashi na rufe ƙofa, na kira Alhaji Mani shi kaɗai, na nuna masa lambar, na yi masa bayani.

"Ke nan mu muke gaya masu," ya ce.

"Mu ne, Alhaji."

"Hidda ta yanzu."

"Ba ta fita. Bai yi mata hanyar canzawa ba. Karanta ta kawai zan iya."

"To a tahi kamfanin waya a rufe layin."

"Da layin nan suke kiranmu. In aka rufe shi, ba mu da wata hanyar jin ko yana raye."

Ya zauna a kan benci, ya cire hula ya riƙe a hannu. Shi ma a lokacin ya gane abin da na gane, dalilin da ya sa suka daina gaggawar kuɗi. Sun samu abin da ya fi kuɗin. Muddin wayar tana kawo saƙo, suna da dalilin ajiye ta, da dalilin ajiye mai ita, ko don in ta samu matsala ya gyara musu.

"Malam," ya ce, "ƙanenka ɗana ne. Amma ba ni iya tura mutane bakin bindiga gobe da sahe ina sane. Ka kashe abin ga."

Na roƙe shi ya ba ni zuwa la'asar. Na kira wani tsohon ɗalibina da ke aikin manhaja a Kano, ban faɗa masa komai ba sai cewa akwai lambar da nake so in cire daga ɓangaren da aka kulle. Ya ce zai yiwu, amma sai an kai masa kwamfutar, kuma zai ɗauki makonni. Da na ajiye waya na ga ko an cire ɗin ba a tsira ba, domin ranar da saƙo ya daina isa daji za su tambayi dalili. Na koma na zauna ina kallon sunayen nan. Lambar kwafi ba ta taɓuwa, amma duk sauran suna taɓuwa. Zan iya kwashe lambobin direbobi gaba ɗaya, ya zama babu mai samun saƙo sai wayar da ke daji. Zan iya sa hanyar da na ga dama, da lokacin da na ga dama.

Da na faɗa wa Alhaji, sai ya ce, "Ƙarya za mu riƙa aika masu?"

"Ita za mu riƙa aikawa. Direbobi kuma a ce musu manhaja ta lalace, a koma faɗa da baki, kai da kanka, ana gab da tashi."

"In sunka gane hwa?"

"Kafin su gane ko Allah ya sa sun karɓi abin da muka haɗa sun sake shi."

Haka muka yi. Aka sanar a tasha cewa na taɓa manhajar ta rikice, na ɗauke ta na kai gida ina gyara. Daga ranar maganar da kuka taso kuna ji ta fara. Ɗan dakon nan da aka daka, Alhaji ya biya masa magani ya mayar da shi aiki, amma bai iya fitowa fili ya wanke shi ba, don in ya faɗi gaskiya za ta isa daji kafin magariba. Yaron ya bar garin da sunan ɗan leƙen asiri a kansa, ban san inda ya ƙare ba.

Na ajiye kwamfutar a ɗakina. Inna da Sa'adatu na gaya musu, don ba zan iya ɓoye musu ba alhali ran ɗan ɗaya ne, mijin ɗaya. Sa'adatu tana goye da ke, Hauwa, kai kuma Bashir kana wasa da murfin kwano a tsakar gida. Ta saurara har na gama.

"Yaya," ta ce, "da ka bar shi yadda yake. Da ba ka duba ba, ai da ba mu sani ba."

"An kashe mutum, Sa'adatu."

"Na sani. Na je gaisuwa, na ga matarsa." Ta gyara goyo. "Amma ni ba matarsa nake tunani ba in na kwanta. Allah ya yafe mini."

Da Sa'adatu ta shiga ɗaki sai Inna ta dube ni.

"Wanga abu da za ka yi, shina hidda Auta?"

"Ban sani ba, Inna. Yana dai ƙara mana lokaci."

"To ka yi. Amma kada ka tura su inda ɗiyan wasu suke."

Wannan shi ne ya zama aikina a sauran daminar. Kowace safiya bayan sallar asuba Alhaji ya kira ni ya faɗa mini hanyar da ayari zai bi, ni kuma in zaɓi wata in rubuta. Akwai tsohuwar hanya da ruwa ya cinye kwalbatinta, babu mota ko babur da ke bi, ita na fi sawa. Wani lokaci in rubuta cewa yau ba tashi. Wani lokaci in sa hanyar gaskiya amma bayan ayari ya riga ya wuce ya isa, don kada ƙaryar ta yi yawa. Kowace hanya na rubuta sai na yini ina sauraron labari, ko wani manomi ko mai kiwo ya faɗa hannunsu saboda ni na kai su wurin. Abinci ya daina shiga. A makaranta ina tsaye gaban allo sai in manta abin da nake faɗa. Direbobi kuma ba su huta ba, don labarin ƙauyuka ya koma zuwa da baki, a makare, rabi gaskiya rabi tsoro. A tasha in na wuce sai a yi shiru. Wani ya taɓa ce mini a gaban jama'a, in ban iya ba me ya sa na taɓa. Na ce masa ya yi haƙuri.

Duk lokacin da mai sanyin muryar ya kira, sai in roƙe shi ya karɓi abin da ke hannunmu. Ya ce tukuna. Sau ɗaya ya bar ni na gaisa da Habibu. Muryarsa ta dushe, ya ce ƙafarsa ta kumbura, ya tambayi Inna, ya tambaye ku. Ban iya ce masa komai a kan manhajar ba, shi ma bai ce ba.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da suka gane. Da rana aka kira, bayan azahar, ina zaune a tsakar gida. Inna tana kan tabarma, Sa'adatu tana tankaɗe. Na sa wayar a bayyane yadda muka saba, don kowa ya ji.

"Malam," in ji mutumin, "kun mai da mu yara. Muna kwana a bakin hanyar da ba kowa, motoci na wucewa ta wani wuri."

Na ce manhajar ce ta lalace, ina ta fama da ita.

"Ba ta lalace ba. Ƙanenka ya ce ba ta yin haka da kanta, sai in hannu ya shiga. Ga ranar kasuwa nan tahe. In saƙon ranar ya zo daidai, mu yi maganar sakinsa. In bai zo daidai ba, kada ka sake kiran wannan layi. Ga shi, shi ya gaya maka da bakinsa."

Aka yi ɗan motsi, sai na ji numfashinsa.

"Yaya."

"Na'am, Habibu."

"Ka ga lambar ke nan."

"Na gani."

"Don kada wani ya cire ni ya sa tasa na ƙi yi mata set. Ban yi tunanin wannan ba." Ya yi tari. Da ya ci gaba sai ya yi sauri, kamar mai tsoron a ƙwace. "Mutum nawa aka kashe?"

"Ɗaya."

"Zare ta daga wuta, Yaya. Ko ka aika daidai ba za su sake ni ba, wata kasuwar za su jira. Zare ta. Ka riƙe mini yaran."

Na ji an buge shi, na ji wayar ta faɗi, layin ya katse.

Sa'adatu ta saki rariya ta zo ta durƙusa a gabana. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta riƙe bakin rigata.

"Sau ɗaya, Yaya. Ranar kasuwar nan kaɗai. Ka aika daidai, Alhaji ya nemi rakiyar sojoji, ko ya rage motoci. Sau ɗaya."

Na dubi Inna, ina so ta ce wani abu, ko ta ce in yi ko ta ce kada in yi, don wani ya ɗauke mini ko da gefe ɗaya na abin. Ta kawar da kai tana kallon bango, leɓunanta na motsi.

Kwanakin da suka rage kafin kasuwa ban san yadda na yi su ba. Na je wurin Alhaji Mani, na faɗa masa abin da Sa'adatu ta ce. Ya ce in ina so zai je ya nemi rakiya, amma in faɗa masa wane direba zai sa a motar gaba, kuma wa zai je ya gaya wa matarsa. Na je wurin limamin unguwarmu, ya ce shari'a ba ta yarda a sayi rai da rayuka ba, sannan ya yi kuka tare da ni, don shi ya raɗa wa Habibu suna. Na sake kiran layin sau da yawa in roƙa, ba a ɗaga ba. Na zauna gaban sunayen nan ina sake karanta su daga sama har ƙasa, ko akwai wanda na tsallake, ko akwai wata dabara da ya ɓoye. Babu. Abin da ke nan shi ne abin da na gani tun ranar farko.

Ranar kasuwa bayan asuba Alhaji ya kira ya faɗa mini hanya, muryarsa ƙasa-ƙasa, bai ƙara komai ba. Na zauna, na buɗe wurin rubutawa. Sa'adatu tana tsaye a bakin ƙofa. Na san hanyar gaskiya, na san lokacin. Kalmomi kaɗan ne. Na sa yatsuna a kan haruffa, na daɗe a haka. Sannan na sunkuya na zare wayar batirin, allon ya yi baƙi.

Ta juya ta koma ɗakinta. Sai da ta rufe ƙofa na ji kukanta.

Ayarin ranar ya isa lafiya. A cikin waɗanda suka yi tafiyar babu wanda ya san abin da aka biya.

Ba su sake kira ba. Ba a kawo mana gawa ba, ba a nuna mana kabari ba. Wasu da aka sako daga baya sun ce sun ga wani mai kumburin ƙafa a wani sansani, wasu suka ce ba su gan shi ba. Muka jira har aka yi girbi, aka sake shuka, aka sake girbi. Daga ƙarshe malamai suka ce a yi masa salla ba gawa, aka yi a ƙofar gida, alƙali kuma ya ba mahaifiyarku damar yin takaba. Da ta gama ta koma gidan iyayenta a Batsari. Ita ta kawo ku ɗakina da kanta, ta ce tunda ni ya ce in riƙe, in riƙe. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta kuma taɓa ce mini ta yafe ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. In kun je wurinta kada ku tayar mata da wannan magana sai in ita ta fara. Alhaji Mani ya so ya tara direbobi ya faɗa musu gaskiya, na hana shi, don masu turo labari daga ƙauyuka suna nan a gidajensu, kuma ba na so a fara tonon wa ya san me. Ya rasu da maganar a cikinsa.

Ban daina kiran lambar ba. Wani lokaci a makaranta tsakanin darasi, wani lokaci a hanyar masallaci. Kullum a ce a kashe take. Na san babu amfani, hannuna ne ya saba. Wata rana da yamma, an yi shekaru, na danna kamar kullum, sai na ji tana shiga. Na tsaya cak a bakin titi. Aka ɗaga.

"Salamu alaikum," in ji wata murya ta mace, yarinya, da kukan jariri a bayanta.

Na amsa, na tambaye ta inda ta samu layin. Ta ce sabo ta saya a Funtuwa, mijinta ya yi mata rajista. Kamfani ne ya sake sayar da lambar da ta daɗe ba a amfani da ita. Na ba ta haƙuri, na ce lambar ƙanena ce a da. Har zan ajiye sai ta ce:

"Baba, ko kun san wata tsohuwa? Tun da na sa layin nan take kira, kullum bayan la'asar. In na ɗaga ba ta magana, sai dai in ji numfashinta, can ta kashe. Jiya ne kawai ta ce, 'Auta, ka ci abinci?' Mijina ya ce in toshe lambar."

Inna ba ta iya karatu ba. Ban san wa ya nuna mata inda za ta danna ba, ban kuma san tun yaushe take yi ba. A gida ba ta taɓa ambaton sunansa ba tun ranar da aka yi sallar.

Na jingina da bangon wani shago, na gaya wa yarinyar nan da ban sani ba abin da ban gaya wa mutanen garinmu ba, a taƙaice. Da na gama sai ta tambaye ni:

"To me zan ce mata in ta kira?"

"Ba sai kin ce komai ba. Ki dai ɗaga."

Ta ɗaga, kullum, har daminar da Inna ta rasu. Bayan kwana biyu da rasuwar ita ta kira ni, ta ce la'asar ta wuce jiya da yau ba ta ji tsohuwa ba, ko lafiya.